Tambaya da Amsa: Sayen Gida a Bakin Teku a Ƙasar Waje

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo duk maganarsu ɗaya ce: mutum ya sayi gida a wani birni mai ɗumi na bakin teku a ƙasar waje, ya riƙa zama a ciki wasu watanni, sauran watannin ya ba da haya. Mun zaɓi biyar, ga su da amsoshinsu.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne. An turo mini tallar gidaje a Puket ta Tailan da Kankun ta Meziko da Bali ta Indunusiya. Dillalin ya ce da zarar na biya, gida ya zama nawa har abada, idan ma doka ta kawo cikas za a rubuta sunan wani ɗan ƙasar a madadina. Yaya gaskiyar lamarin?

Amsa: Alhaji, kafin ka tambayi farashi, tambayi abin da za a rubuta a takardar da za a miƙa maka, domin waɗannan wurare uku dokokinsu uku ne daban-daban.

A Tailan baƙo ba ya mallakar fili. Abin da dokar 1979 ta yarje masa shi ne sashe a cikin dogon bene, irin wanda suke kira kondo, da sharaɗin kada abin da ke hannun baƙi gaba ɗaya ya wuce kashi 49 cikin ɗari na faɗin sassan benen. Idan wannan kason ya cika, ko nawa za ka biya ba za a sa sunanka ba. Saboda haka ka nemi wasiƙa daga ofishin da ke kula da benen mai tabbatar da cewa akwai sauran gurbi. Kuɗin kuma dole su shigo daga waje, a kuɗin ƙasar waje, bankin Tailan ya canza su zuwa bat, kuɗin ƙasar, ya ba ka takardar shaidar shigowarsu. Ofishin filaye ba zai yi rajista ba sai ya ga wannan takarda. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: su canza kuɗin tun daga waje, ko su aika ta asusun wani, ranar rajista kuma a rasa shaida. Gida mai fili kuwa, haya kawai za ka samu, iyakarta shekara 30. Alƙawarin da ake yi cewa za a sabunta sau biyu ta kai 90 magana ce tsakaninka da mai filin na yau. Idan ya sayar ko ya rasu, shekara 30 ɗin da aka yi wa rajista su ne naka.

Meziko ta bi wata hanya. Sashe na 27 na kundin tsarin mulkinta na 1917 ya hana baƙo mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 50 daga gaɓar teku, ko kilomita 100 daga kan iyaka. Kankun na ciki. Mafitar da doka ta amince da ita ita ce riƙon amana na banki, fideicomiso a bakinsu: banki ya riƙe takardar, kai kuma kana da ikon zama da ba da haya da sayarwa. Wa'adinsa shekara 50, ana sabuntawa, kuma duk shekara akwai abin da za ka biya bankin. Wani alherinsa shi ne tun ranar farko kana rubuta wanda zai gaje ka. Abin gudu a can shi ne filayen ejido, wato filayen al'ummar manoma. Suna da araha, amma muddin ba a bi matakan mayar da su mallakar mutum ɗaya ba, wanda ya sayar maka ba shi da ikon sayarwa, kai kuma ba ka sayi komai ba.

A Indunusiya dokar filaye ta 1960 ta keɓe cikakkiyar mallaka, Hak Milik, ga 'yan ƙasa. Yawancin gidajen Bali da ake tallata wa baƙi hayar dogon zango ce. Filifin ta tsayar da kason baƙi a kondo a kashi 40, Kenya kuma tun kundin 2010 ta iyakance baƙo ga hayar shekara 99.

Batun aron sunan ɗan ƙasa kuwa, muna roƙonka ka rabu da shi. A Indunusiya doka ta ce irin wannan ciniki ɓatacce ne, filin ma yana iya komawa hannun gwamnati. A Tailan laifi ne a kafa kamfani da 'yan ƙasa na jeka-na-yi-ka don a ɓoye cewa baƙo ne mai shi. Ranar da kuka saɓa da mai sunan, ko ya ci bashi da takardar, ko ya rasu magadansa suka taso, kotun da za ka kai kuka ita ce za ta fara tuhumarka. Ka ɗauki lauyan da kai ka nemo, kai kake biyansa. Lauyan da dillali ya kawo, dillali yake wa aiki.

Tambaya: Ina so in riƙa yin wata huɗu a can lokacin da yanayi ya fi daɗi, sauran wata takwas a ba masu yawon buɗe ido haya. Kamfanin da ya gina benen ya ce ya lamunce mini ribar kashi 8 cikin ɗari duk shekara har shekara uku. Lissafin zai fita?

Amsa: Hajiya, watannin da kike so su ne watannin da baƙi suke so, kuma nan ne duk ribar take. A Puket kasuwa na ci daga Nuwamba zuwa Afrilu. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, teku ya harzuƙa, farashin ɗaki ya faɗi. A gaɓar Karebiya ta Meziko ma hunturun ƙasashen arewa ne ke kawo mutane, sannan lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman da muka ƙaddara don misali kawai, ke kuma ki canza su da na garin da kike so. A ce sashen dala 150,000 ne, kuɗin rajista da lauya da kayan ɗaki suka ci 17,000, kin zuba 167,000 ke nan. Idan kika ɗauke kwana 120 na cin kasuwa, saura kwana 245, a ce an sami baƙi a 120 daga ciki a kan dala 55 kowane kwana. Sun kama 6,600. Mai kula da haya ya ɗauki rubu'i, 1,650. Kuɗin hidimar bene da wuta da ruwa da intanet da inshora da gyare-gyare, a ce 3,700. Abin da ya rage dala 1,250, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. To juya shi. Ki bar wa baƙi lokacin cin kasuwa, a cika kwana 100 a kan dala 90, ke ki zo wata uku da damina, a ƙara samun kwana 70 a kan 55. Jimla 12,850. A cire rubu'in mai kula da 3,700 ɗin nan, saura kusan 5,900, wato kashi uku da rabi. Haraji bai shigo ba tukuna. Duka hanyoyin biyu babu laifi a cikinsu, amma ki san wadda kika zaɓa: ko gidan hutu da haya ke rage masa ɗawainiya, ko jari da za ki riƙa leƙawa a lokacin da ba kowa.

Ribar da aka lamunce kuwa, kashi 8 sau uku ya zama 24. Ki kwatanta farashin murabba'in mita a wannan bene da na tsofaffin benaye da ke maƙwabtaka da shi. Sau tari za ki tarar an ɗora wannan 24 ɗin a kan farashi, kuɗinki ne ake dawo miki da su kaɗan-kaɗan. Ki duba kuma wane ne ya sa hannu a lamunin. Idan wani ƙaramin kamfani ne da aka kafa jiya, ba shi da kadarar komai, ranar da ya rufe lamuni ya bi shi. An ga haka da annobar korona: Tailan ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, a 2021 ba su kai rabin miliyan ba.

Sai doka. A Tailan dokar otal ta 2004 ta ɗauki ba da ɗaki na kwana-kwana, ƙasa da wata guda, a matsayin sana'ar otal mai buƙatar lasisi, kuma benaye da dama sun haramta shi a ƙa'idojinsu. Ganin sassan benen a Airbnb, shafin intanet na hayar kwana-kwana, ba hujja ba ce. Ki karanta ƙa'idojin da idonki kafin ki ba da kafin alƙalami.

Tambaya: Idan na sayi gidan, za a ba ni izinin zama?

Amsa: Malam, a yawancin waɗannan ƙasashe takardar gida daban, biza daban. Mai kondo a Tailan, idan kwanakin bizarsa suka ƙare, fita zai yi kamar kowa. Hanyar da masu ritaya suka fi bi a can tana buƙatar shekara 50 da haihuwa da bat 800,000 a bankin ƙasar. Ka fara da ofishin jakadanci, ka ji abin da fasfonka zai samar maka, sannan ka nemi gida. Ka riƙa ƙirga kwanaki kuma: wanda ya kai kwana 180 a Tailan cikin shekara ɗaya ya zama mazauni a idon hukumar haraji.

Tambaya: Mun kusa ritaya ni da maigidana. Abin da ke damuna shi ne gidan zai zauna a rufe wata bakwai ko takwas. Me zai same shi?

Amsa: Hajiya, kin tambayi abin da ya kamata kowa ya tambaya. Iskar teku gishiri take ɗauke da shi, ga zafi ga danshi, su ukun nan ba sa hutawa.

Danshi ne ke fara aiki. Da zarar ya daɗe sama da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a ɗakin da aka kulle, hunhuna za ta kama. Ki buɗe kabad bayan wata uku, ki tarar takalmin fata ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, bayan katifa ya yi ɗige-ɗige baƙi, ga wani wari da wanki ba ya fitarwa. Maganinsa na'urar tsotse danshi. A saita ta wajen kashi 55, a zura tiyonta cikin magudanar banɗaki, domin idan aka bar ta da bokitinta, yana cika za ta kashe kanta. A bar ƙofofin kabad a buɗe, a jingine katifa, a janye kujeru daga bango kamar tafin hannu. Kada a cika gida da kayan katakon da aka matse daga garin itace, suna shan laima su kumbura, ita ma gara ba ta ƙyale su.

A ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu akwai lanƙwasar bututu mai riƙe ɗan ruwa, shi ke tare wari da kyankyasai. Idan ba a buɗe famfo ba na makonni, ruwan ya ƙafe, hanya ta buɗe. Don haka ana bukatar mutum ya shigo duk mako biyu, ya saki ruwa a kowane famfo, ya kora masai, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki na awa guda, ya turo miki hoto. Babban famfon shigowar ruwa a rufe shi bayan ya gama, domin tiyon injin wanki idan ya fashe ba kowa, silin maƙwabcin ƙasa ke za ki biya.

Gishiri kuwa ƙarfe yake ci. Rabin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, siraran faya-fayanta na alminiyam suna zama gari, sai ta riƙa shan wuta ba sanyi. A riƙa ɗauraye su da ruwan daɗi duk wata, a sayi mai rufin kariya. Makullai da ƙarafunan baranda, a nemi ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Mai lamba 304 da aka saba gani yana yin tabo a bakin teku.

Wanda ya fi tsoratar da mu shi ne na cikin kankare. Gishiri yana ratsawa har ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Ki sauka wurin ajiye motoci na ƙarƙashin benen, ki ɗaga kai. Jan zane mai gangarowa a jikin ginshiƙi, ko wurin da siminti ya ɓare rodi ya fito, ya fi duk abin da dillali zai faɗa miki gaskiya. A ranar 24 ga Yuni 2021 wani bene mai hawa 12 ya rufta a Surfside da ke gaɓar Fulorida ta Amurka, mutum 98 suka rasu, alhali tun 2018 wani injiniya ya ba da rahoton mummunar lalacewar kankare a ƙarƙashin dandamalin wurin ninkaya. Shi ya sa muke cewa a nemi takardun taron masu sassa na shekara biyu ko uku, a ga nawa ke cikin asusun manyan gyare-gyare, a ga mutum nawa ne ba sa biyan kuɗin hidima. Benen da asusunsa ya bushe, ranar gyaran rufi ko lif kowa za a yanka wa nasa kaso. Inshora ma a karanta ta layi-layi, a tabbatar guguwa da ambaliya suna ciki. Guguwar Wilma ta daki Kankun a Oktoban 2005, guguwar Otis ta ragargaza Akapulko, shi ma a Meziko, a Oktoban 2023.

Idan da hali, ku kama haya a benen na wata biyu a tsakiyar damina kafin ku saya.

Tambaya: Idan na gaji, sayarwa tana da sauƙi?

Amsa: Ba kamar saye ba, ɗan'uwa. Za ka fito da tsohon sashe kana gasa da sababbin benaye masu karɓar biya kashi-kashi, ga la'adar dillali, ga haraji. A Tailan kuɗin sauya suna kashi 2 ne na ƙimar da gwamnati ta yi wa gidan, kuma mai sayarwa kafin shekara biyar yakan biya ƙarin harajin kashi 3.3. Ga kuma canji: a farkon Yulin 1997 dala ɗaya bat 25 ce, a Janairun 1998 ta haura 50, wanda ya shigo da dala ya wayi gari rabin jarinsa ya tafi ko da farashin gidan bai motsa ba. Adana takardar shaidar shigo da kuɗinka, da ita banki zai bar ka ka fitar da su. Tun kafin ka saya, sa lauyanka ya gano sassa nawa aka sayar a hannu na biyu a benen cikin shekara biyu da suka wuce, a kan nawa, kuma wata nawa kowanne ya yi a kasuwa.