Zan iya jan 'yar motar golf a bayan gidan tafi-da-gidanka?

Tambaya: Salam Malam, ina zaune a Houston, na sayi gidan tafi-da-gidanka irin wanda ake ƙulla shi a tsakiyar bodin a-kori-kura, yanzu kuma yara sun matsa sai mun tafi da 'yar motar golf ɗinmu in za mu hutu, shin zan iya ƙara ƙaramar tirela a bayansa?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan uwa. A jihar Texas, inda Houston take, doka ta yarda ka ja tirela biyu, wato gidan da ƙaramar tirelar, in dai tsawon duka har da a-kori-kurar bai wuce ƙafa 65 ba, amma fa kowace jiha da tata dokar, Michigan ma sai an ƙara maka wata shaida ta musamman a lasisi, jihohi da dama na gabashin Amurka kuwa sam ba sa yarda, don haka duba duk inda za ka ratsa kafin ka tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyi. Motar golf ɗin takan kai kilo 400 zuwa 500, ga tirelar kanta, kuma duk abin da ka rataya a can baya yana rage nauyin da ke danne mahaɗar gaba da ke cikin bodin a-kori-kura, nan ne gidan zai fara lilo in iska ta kaɗa ko babbar mota ta wuce ka. Kar ka ɗaura tirelar a bambar gidan wallahi, ƙarfenta siriri ne. A sa mahaɗa a jikin shasi, ka ga nauyin da aka rubuta tana ɗauka.

Ribas kuma manta da shi, sai ka kwance tirelar tukuna.