Ba su daina cin kimchi ba, dafaffe suka fi so

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko gaskiya ne 'yan matan Koriya na yanzu sun juya wa kimchi baya. Na yi shekara uku ina karatu a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, ina haya a gidan wata baiwar Allah mai 'ya'ya mata biyu 'yan sakandare, kuma tare muke cin abincin dare. Abin da idona ya gani, ba su daina ba, zaɓe suke yi.

Kimchi dai kabejin ƙasarsu ne da ake jiƙawa da gishiri, a cuɗa shi da garin barkono, tafarnuwa, citta da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, a ajiye ya yi tsami. Wanda ya daɗe ya yi tsami sosai, shi ne uwar take so, takan ce ai wannan ne abinci. Ƙaramar kuwa ko kallonsa ba ta yi. Sai ta ɗauki ɗan yanki guda don kada a yi mata faɗa, ta ture shi gefen shinkafa. Amma ranar da aka soya wannan mai tsamin da shinkafa, aka ɗora ƙwai a kai, wallahi har ƙanzo take kankarewa. Haka idan aka kwaɓa shi da fulawa aka soya kamar wainar fulawa, wanda suke kira kimchijeon. Babbar ta fi son kkakdugi, kimchin farin radish (wata saiwa mai kama da karas) da ake yankawa ƙwaya-ƙwaya, saboda ƙaras-ƙaras ɗinsa, da sabon kwaɗo na ranar wanda bai fara tsami ba.

Wari ne babbar damuwarsu. Kin san yadda budurwa a wajenmu take son miyar daddawa amma ba ta son a ji ta a mayafinta? To haka. A makaranta kusan kullum akwai kimchi a abincin rana, suna gamawa sai ki ga kowacce da buroshinta ta nufi wajen wanke baki. In sun fita da ƙawaye kuma, tteokbokki suke nema, wato curin garin shinkafa a miyar yaji, ko malatang, wani romo mai yaji wanda asalinsa na Sin ne. Duk da haka ban taɓa ganin babbar ta dafa taliyar ramyeon ba tare da ta buɗe firjin kimchi ba. E, firji guda ne na musamman dominsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kimjang, haɗa kimchin hunturu da ake yi wajen watan Nuwamba, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun da ake karewa a 2013. Mun zauna a ƙasa da safar hannu, kakarsu tana tsoma yatsa tana ɗanɗana, tana cewa a ƙara gishiri. Yaran sun taya shafa yaji, amma babu wadda ta san ma'aunin komai. Kakar ta ce mini ci ba ya damunta, za su ci, haɗawar ce take tsoron ta tafi da ita.

In za ki gwada, ki yi hattara da miyar kimchi jjigae a gidajen abinci, galibi da naman alade ake yinta. Ki ce a ba ki ta kifin tuna, kuma ki tambayi da me aka yi romon.