Kaina ya ƙulle, na rasa abin da zan ɗora: amsoshi ga masu talla a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, ina tallarsu a sitatus ɗin WhatsApp. Da farko kullum ina da abin ɗorawa, yanzu kuwa kaina ya ƙulle. Hotunan kwalaben nan dai su ne nake ta juyawa, har na fara jin kunya, masu kallo ma sun ragu. Akwai manhajar da za ta riƙa ba ni abin da zan ɗora? Daga wata 'yar'uwa a Damaturu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Manhajar da kike nema kina riƙe da ita, WhatsApp ɗin nan ce da kike ciniki a cikinta. Buɗe ta, ki taɓa wurin bincike da ke sama, ki rubuta "nawa". Duk saƙon da wata ta taɓa turo miki da wannan kalma zai fito. Ki sake rubuta "akwai", sannan "yaya", sannan "kama jiki". Ki ɗauki biro da takarda ki kwashe tambayoyin da suka fi maimaituwa. Na tabbata za ki ga irin su: yana kama kaya kuwa? Kwana nawa ƙamshin yake yi? A bona ake sa shi ko sai da garwashi? Wanne ya dace da amarya? Kuna aikawa Kano?

Kowace tambaya a cikin waɗannan abin ɗorawa ce na yini guda. Wadda ta yi ƙarfin halin tambaya ita kaɗai kika gani, amma akwai masu kallo da yawa da abin yake ransu suka yi shiru. Ɗauki ta farkon, "yana kama kaya kuwa?" Ki jingina wayar da wani abu, ki ɗauki hannunki kawai yana zuba turare a kasko, ki kifa kabbasa, ki yafa mayafi a kai, hayaƙi yana ratsa shi. Da muryarki ki faɗi mintunan da kike barinsa, ki kuma gaya musu cewa idan garwashin ya yi ja sosai turaren ƙonewa yake yi, ƙauri ya danne ƙamshi, don haka a bari wutar ta ɗan lafa. Bai fi daƙiƙa 30 ba, ba a ga fuskarki ba, kuma mai kallo ta ƙaru da abin da ba ta sani ba. Hoton kwalba ba ya yin wannan aikin, domin ƙamshi ba ya bin waya. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji su ne za su tsaya a madadinsa.

Sai aikin da kike yi kullum har kika daina ganinsa a matsayin abin nunawa: tsince itacen, bambancin hawi da gabgab da sandal, yadda kajiji yake kafin a daka shi, wanke kwalabe, naɗe odar da za a kai tasha. Ba na ce ki tona sirrin haɗinki ba, ma'aunin naki ne. Amma mace idan ta ga tsaftar wurin da wahalar da ake sha, ciniki yakan zo da sauƙi.

A ganina abin da ya fi ƙulle kan masu sana'a shi ne haɗa tunani da ɗorawa a lokaci guda. Mutum ya buɗe sitatus da safe ya ce yau me zan sa, nan take sai kai ya tsaya. Ki raba su. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ta ba da damar mutum ya tura wa kansa saƙo: ki shiga wurin fara sabuwar hira, lambarki ce a sahun farko. Ki maƙale wannan hira a sama. Duk lokacin da dabara ta faɗo miki, ko kina tsakiyar girki, ki danna alamar makirfo ki tura wa kanki saƙon murya na daƙiƙa biyar. Sannan ki ware rana ɗaya a mako, da hantsi, kusa da taga, ki goge gilashin kamara da gefen mayafi, ki ɗauki na mako gaba ɗaya.

Game da raguwar masu kallo, kar ki ɗora wa kanki laifin duka. Sitatus ba ya isa sai ga wanda kike da lambarsa shi ma yake da taki, kuma wanda ya kashe alamar karanta saƙo ba ya fitowa a lissafi ko ya kalla. Duk wadda ta saya, ki adana lambarta, ki roƙe ta ta adana taki. Maimaici kuma ba abin kunya ba ne, tunda sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma wadda ta shigo watan nan ba ta ga na watan jiya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya: Malam, ni tela ne a Zariya, ina ɗinkin maza da aikin wuya. Wani yaron shagona ya ce in bar wa ChatGPT ko Meta AI, manhajojin nan da ke yi wa mutum rubutu idan ya tambaye su, rubutun talla, har hoto ma su zana min. Ka ba ni shawara.

Amsa: Maigida, yaronka ya faɗi rabin gaskiya. Meta AI ta shigo WhatsApp a Najeriya tun watan Afrilun 2024, ba sai ka sauke komai ba, kuma wajen buɗe kai tana da amfani. Amma yadda ka tambaya haka za a ba ka. Idan ka ce "rubuta min talla", za ka samu zance mai santsi wanda kowane tela a duniya zai iya liƙawa. Ka ba ta bayani kamar yadda za ka ba sabon yaron shago: kana Zariya, kana ɗinka kaftani da babbar riga, kwastomominka ma'aikata ne da angwaye, abin da suka fi tsoro shi ne saɓa alkawari. Sai ka ce ta kawo maka tambayoyi 20 da irin waɗannan mutane za su yi kafin su ba da ɗinki. Ka zaɓi biyar masu ma'ana, ka amsa su da bakinka. Hausar waɗannan manhajoji har yanzu da warin fassara, mai karatu yana ganewa tun daga layin farko.

Hoton kuwa ina roƙonka ka bar shi. Riga da na'ura ta zana ba ɗinkinka ba ce, haka ma wadda aka kwaso daga shafin wani. Ranar da ango ya zo da hoton ya ce irin wannan yake so, kai za ka shiga uku, kuma a gari irin Zariya labari ba ya kwana. Kana da abin da ya fi wannan: ka matso da kamara kan aikin wuya har a ga zaren, ka juya cikin rigar a ga yadda ka kashe baki, ka nuna shadda kafin bugu da bayan ta dawo daga wurin masu bugu tana ƙyalli. Idan za ka ɗora hoton wani sanye da ɗinkinka, ka nemi izininsa tukuna, haka ma idan za ka nuna hoton hirar da kwastoma ya yabe ka, ka rufe suna da lamba.

Tambaya: Ina sayar da caja, iyafis da fawa banki a Farm Centre, Kano. Ta yaya zan san abin da mutane suke nema kafin in yi bidiyo?

Amsa: Ɗan'uwa, ka shiga wurin bincike na TikTok ko YouTube ka fara rubuta "yadda ake gane", ko "me ya sa wayata", ka dakata. Abin da manhajar ta ƙarasa maka daga binciken mutane ta samo shi. Google Trends ma kyauta ne, ka zaɓi Najeriya, zai nuna maka watannin da neman abu yake tashi da jihohin da suka fi nema, sai dai kalmomin Hausa ba kullum yake da isassun bayanai a kansu ba, ka gwada da sunan kayan yadda yake a kwali.

Kalanda ita ma tana ba da abin faɗa. Lokacin zafi ka yi bayanin zafin batir da illar barin waya a rana cikin mota, da damina ka yi na wayar da ruwa ya taɓa, kafin tafiyar alhazai ka nuna kan caja da fawa bankin da ake shiga jirgi da shi a jakar hannu, tunda ba a yarda a sa shi cikin babban akwati ba. Azumi da sallah suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ka duba ranakun tun yanzu ka fara makonni uku kafin su. Idan kana da shafi a Facebook ko Instagram, manhajar Meta Business Suite za ta bar ka ka jera na mako guda ka sa wa kowanne rana da lokaci, ya fita da kansa kana tsakiyar ciniki. Bayan wata ɗaya ka duba alƙaluman shafin, ka ware ukun da suka fi jawo saƙon "nawa ne", ka sake yin irinsu da wasu kayan.