Alamomin jikin kwalaben lab da maganar hijabi

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce daga Agege, an tura ni koyon aiki wani lab a Yaba. Kwalaben sinadarai duk da zane a jiki, wani ƙoƙon kai wani wuta, ba wanda ya tsaya ya min bayani. Kuma ina sa hijabi, ya zan yi dan Allah?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Zanen nan masu jan layi a kewaye tsarin GHS ne, wato alamomin haɗarin sinadarai na Majalisar Ɗinkin Duniya, guda 9 ne. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ce, kaɗan ma ta isa ta kashe. Harshen wuta yana nufin abin na kamawa da sauri kamar ethanol, amma in kika ga wutar a kan zobe to shi rura wuta yake, kar ki yarda a jera su waje ɗaya. Ruwa na ɗiga kan hannu da ƙarfe kuwa asid ne ko soda mai cin fata.

Wanda aka fi rainawa, kuma shi ya fi damuna wallahi, shi ne hoton mutum da tauraro a ƙirji, irin na jikin formalin, ruwan da ake adana gawa da shi, don sau da yawa ba ranar babbar illarsa za ta bayyana ba, a hankali yake ɓarna, shaƙar shi shekara da shekaru na iya kawo kansa, shi ya sa ba a buɗe shi sai inda ake zuƙe iska.

Hijabi ba matsala ba ne ko kaɗan. Ki sa ƙarami na auduga ki cusa shi cikin farar rigar lab ki ɓalle maɓallai, dogo mai lilo da yadin roba yana narkewa a jiki in ya taɓa wuta. Na san zafin Legas, balle in an ɗauke wuta, amma ba a cire rigar nan, ba a shiga da silifas, takalmi rufaffe kawai. Safar hannu kuma kar ki ɗau waya da ita.

Wajen sirkawa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Kar ki haɗa Hypo da asid, iskar kulorin mai guba yake fitarwa. In abu ya fantsal miki a ido ki wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, wani ya kira oganku, shi ya sa tun gobe ki tambaya ina tabarau da famfon wanke ido suke.