Me Ya Sa Jijiyar Hannu Take Warkewa, Ta Laka Ba Ta Warkewa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanena ne gilashi ya yanke shi a wuyan hannu, ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka mutu, ko an mintsine shi ba ya ji. Aka yi masa aiki aka ɗinke jijiyar, yanzu wata biyar ke nan ya fara jin tsiri-tsiri a yatsun. Amma maƙwabcinmu da ya faɗo daga bene ya bugu a ƙashin baya, shekara huɗu bai taka ƙasa ba. Ashe ba duk jijiya ɗaya ba ce?

Amsa: Allah ya ƙara wa ƙanenki sauƙi, 'yar'uwa, ya kuma bai wa maƙwabcinku lafiya.

A Hausa kalmar jijiya kaya uku take ɗauke da su: akwai wadda jini ke bi, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, sannan akwai mai ɗaukar saƙo. Ta ukun muke magana a kai. In aka buɗe hannu a ɗakin tiyata, fara ce sol kamar igiya, kuma in aka duba ta da madubin likita sai a ga ashe dubban zare ne aka ɗaure wuri guda. Kowane zare wutsiya ce ta ƙwayar halitta guda ɗaya, wadda muke kira niyuron.

Niyuron tana da gangar jiki inda cibiyarta take, tana da gajerun rassa masu karɓar saƙo, sai doguwar wutsiya guda, akson, mai fitar da shi. Tsawon wutsiyar nan abin mamaki ne. Ƙwayar da ke motsa babban yatsan ƙafarki tana zaune a ƙasan laka, wato igiyar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma wutsiyarta ta kai kusan mita guda. Da a ce gangar ta kai girman kan mutum, da wutsiyar ta yi kilomita biyu. Kuma kusan duk abin da wutsiyar ke buƙata, a gangar ake ƙera shi a tura mata. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta fuskar aiki iri uku ne. Akwai masu kawo labari daga fata, ido da kunne, akwai masu kai umarni ga tsoka, sai 'yan tsakani da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Shan inna ya nuna mana wannan rabon aiki ƙarara: ƙwayar cutar masu kai umarni take kashewa a cikin laka, shi ya sa ƙafar yaro take shanyewa amma in aka taɓa ta yana ji. Siffa ma ta bambanta. Wasu na cikin ido reshe biyu kawai gare su, ɗaya gaba ɗaya baya, alhali ƙwayar Purkinje ta ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta baje rassa kamar itaciya, tana karɓar saƙo daga wurare sama da 100,000. Ƙwayoyin ba a haɗe suke ba, akwai 'yar siririyar tazara tsakaninsu wadda sinadari ke tsallakawa da saƙo. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ne ya dage a kan haka, yana amfani da rinin da Camillo Golgi na Italiya ya gano a 1873. Golgi bai yarda ba, amma tare aka ba su kyautar Nobel a 1906.

To, niyuron ɗin hannu da ta laka ba su yi nisa da juna ba. Amsar tambayarki tana wurin maƙwabtansu, wato ƙwayoyin da ke yi musu hidima.

Rudolf Virchow na Jamus ya sa musu suna giliya a 1856, kalmar Girkanci mai nufin gam, don a zatonsa manne jijiyoyi kawai suke yi. Ni a ganina wannan suna ya cuce su, domin ya sa an daɗe ana kallonsu a matsayin cikon gurbi. An kuma daɗe ana koyar da cewa sun ninka niyuron sau goma, har sai da Suzana Herculano-Houzel ta Birazil da abokan aikinta suka ƙirga a 2009, suka samu niyuron kusan biliyan 86 a ƙwaƙwalwar mutum, sauran ƙwayoyin kuma kusan kunnen doki da su.

A cikin ƙwaƙwalwa da laka akwai masu siffar tauraro, astirosait, waɗanda ke ɗora ƙafafunsu a kan ƙananan hanyoyin jini, suna ciyar da niyuron, suna share sinadarin da ya rage bayan saƙo ya wuce. Akwai maikirogiliya, 'yan sintiri masu cinye matattun ƙwayoyi da baƙin cututtuka. Akwai masu shimfiɗe a bangon kogunan ruwan ƙwaƙwalwa. Sai masu naɗi.

Wutsiyar da ba ta da riga, saƙo na tafiya a cikinta kamar mita ɗaya a daƙiƙa. Wadda aka naɗe da farin maiƙon da ake kira mayalin, tana iya kaiwa mita 120. Naɗin ba a jere yake ba, gaɓa-gaɓa ne kamar karan dawa, saƙon kuma tsalle yake yi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shi ya sa in kika buge yatsa, zafi mai kaifi yake fara zuwa, raɗaɗin ya biyo baya: zare biyu ne, ɗaya da riga ɗaya babu. A cikin laka da ƙwaƙwalwa, oligodendirosait ce mai naɗin, ita kaɗai takan miƙa hannuwa ta naɗe zare da yawa. A hannu da ƙafa kuwa ƙwayar Schwann ce, kowace da gaɓarta guda. Ita ce ƙwayar cutar kuturta take shiga, har ji ya ɗauke, mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba.

Yanzu mu koma hannun ƙanenki. Da gilashi ya tsinke zaren, ɓangaren da ya rabu da ganga ya rasa mai ciyar da shi, cikin 'yan kwanaki ya ruguje. Amma ƙwayoyin Schwann ba su mutu ba. Sun tuɓe rigar, suka taimaka aka kwashe tarkacen, suka hayayyafa, sannan suka jeru a cikin tsohon bututun suna fitar da sinadaran da ke kiran tsiro. Gangar tana can da ranta kusa da laka, sai ta turo sabon toho ya bi layin. Aikin likitan tiyata shi ne ya haɗa baki da baki don tohon ya samu ƙofa. Tafiyar kamar milimita ɗaya ce a rana. Auna daga wuyan hannunsa zuwa kan yatsa, za ki samu wajen santimita 15 ko fi, kin ga wata biyar zuwa shida ke nan. Tsiri-tsirin da yake ji alama ce mai kyau.

A laka kuwa, oligodendirosait ba ta jera layi. Tarkacen mayalin ɗinta yana daɗewa ba a kwashe ba, kuma a cikinsa akwai sinadarai masu hana toho ci gaba. Masu siffar tauraro sukan taru su kewaye raunin da tabo. Ba mugunta ba ce, tabon yana tsare kumburi kada ya ci lafiyayyen nama, sai dai ya zama katanga. Ga kuma niyuron ɗin da suka mutu nan take, waɗanda ba sa rabuwa su haifi madadinsu. A 1981 Samuel David da Albert Aguayo a Kanada suka dasa guntun jijiyar ƙafa a lakar ɓera, sai ga zaren laka ya toho ya bi cikinsa da nisa. Ashe ba ikon tsiro ne ya rasa gaba ɗaya ba, muhalli ne ya hana shi. Har yau a nan bincike ya fi karkata, amma ba a kai ga maganin da ke haɗa lakar da ta tsinke ba, don haka duk wanda ya yi wa maƙwabcinku alkawarin haka, ku yi hattara da shi. Abin da ke taimaka masa da gaske shi ne gashi, juya shi a kai a kai saboda gyambon kwanciya, da kula da mafitsara.

Shi kuma ƙanenki kada ya yi wasa da motsa yatsun kamar yadda masu gashi suka nuna masa, don tsokar da ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samu saƙo ba, da wuya ta farfaɗo. Kafin ji ya dawo sosai, ya kiyaye hannun daga wuta da ruwan zafi, ya kuma riƙa duba yatsun da ido kowace rana.