Amsoshin Wasiƙunku: Albashi Mai Tsoka Ko Takardar Ɗaukar Aiki?

*Malam, aiki biyu na samu. Wani kamfanin ruwan leda a Kakuri zai ba ni dubu 75 da takardar ɗaukar aiki. Wani Alhaji kuma mai shaguna a Kasuwar Barci ya ce dubu 90, amma da baki muka yi magana, ya ce shi ba ya cin haƙƙin kowa. Wanne zan kama? Daga Rigasa.*

Ɗan'uwa, kama mai takardar. Na san Kasuwar Barci ta fi maka kusa, kuɗin Keke Napep zuwa Kakuri kuma zai ci wani abu a albashin, amma duk da haka.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu dai kunya ta hana mu cewa "Alhaji a rubuta", sai ranar da aka ɓata a zo ana rantse-rantse. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take magana. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta tarayya ce kuma ita ke aiki a nan Kaduna, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ka sharuɗɗa a rubuce cikin wata uku: irin aikin, albashi da lokacin biya, awannin aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin sallama. Wa'adin nan ma a ƙayyade yake. Wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata guda. Bayan wata 12 kana da hutun aƙalla kwana shida da albashinka. To in Alhaji ya wayi gari ya ce ɗan ƙanwarsa ya dawo daga bautar ƙasa, ka ba shi makullin shago, da me za ka nuna yaushe ka fara? Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna, amma alƙali hujja zai nema. Kuma ko Alhajin mutumin kirki ne, rai fa? Magada ba su san alkawarin baka ba.

In ka nace sai dubu 90 ɗin, ka roƙi a riƙa turo maka ta banki, ka adana alat ɗin kowane wata.

*Malam, a gidan burodi nake aiki a Kawo, dubu 40 ake ba ni, ga shi ina da juna biyu. Ina tsoron in faɗa a kore ni. Kuma wai gaskiya ne mafi ƙarancin albashi dubu 72 ne?*

Kwantar da hankalinki, 'yata, Allah Ya sauke ki lafiya. Doka ta ba ki mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma in kin cika wata shida a wurin, aƙalla rabin albashinki ake biya, ba a kuma sallamar ki cikin hutun. Ki karɓo takardar likita daga asibitin da kike awo, ki riƙe kwafi. Dubu 72 kuwa na ma'aikatan gwamnatin jiha ne, wanda Gwamna Uba Sani ya amince da shi a 2024. Na ƙasa dubu 70 ne, kuma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ki ƙirga ku nawa ne kafin ki ɗaga murya.

*Wani ya ce in kawo dubu 500 ya samo mini takardar aikin gwamnati. In sayar da babur ɗina? Daga Tudun Wada.*

Haba malam! Babur ɗin da ke ciyar da kai? Ranar tantance ma'aikata kai za a kama da takardar bogi, shi kuwa ya sauya layin waya. Kada ka sayar.

*Takalmin kariya na dubu 8 na gani a gwanjo, ina aikin walda a Panteka. In saya?*

Danna bakinsa da ƙarfi tukuna. In ya lotsa, babu ƙarfe a ciki, bar musu kayansu. Ka duba ƙasansa ma, kada ya zama liƙi aka yi da gam.