Tambaya da Amsa: Talakan Landan a Zamanin Sarauniya Biktoriya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A makaranta an koya mana cewa a zamanin Sarauniya Biktoriya babu ƙasar da ta kai Ingila arziki. To shin talakan can ya ɗanɗana, ko kuwa sai dai ya ji ƙamshi? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Biktoriya ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901, kuma dukiya kam ta taru. Amma zo mu je gabashin Landan, bakin kogin Tems, ka ga leburan da ke sauke shayi da sukari da ulu daga jiragen ruwa.

Wannan bawan Allah ba shi da aikin dindindin. Tun da duku-duku yake isa ƙofar tasha, shi da ɗaruruwan irinsa, su daskare cikin sanyi har helma ya fito ya zaɓi wanda ya ga dama. In ka taɓa ganin leburorin gini zaune bakin titi da shebur suna jiran mota ta tsaya, to kusan haka ne, sai dai can ture-ture ake yi, har da hawa bayan juna don helma ya hango fuskarka. Wanda aka ɗauka kwabo biyar ne ladansa a awa, kuma ana iya sallamarsa bayan awa ɗaya ko biyu. Ranar da jirgi bai shigo ba, tukunya ba ta hau wuta ba.

Gida kuwa ɗakin haya ne guda, shi da mata da yara. Ci bai wuce burodi da shayi da dankali ba. Matar kan ɗinka buhuna ko ta harhaɗa kwalin ashana don a cike gurbi. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne jingina: ran Litinin a kai kayan sawa na ranar Lahadi shagon mai ba da rance, ran Asabar in an samu kuɗi a fanso su, Litinin a sake mayarwa. Wanda abin ya ci tura sai gidan gajiyayyu da dokar kula da talakawa ta 1834 ta tsananta, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, a sa mutum fasa dutse ko tsefe tsohuwar igiya. Da gangan aka yi wurin da wuya, don kada kowa ya so shiga.

Kada ka ce zuzutawa nake. Charles Booth, attajiri ne mai jiragen ruwa, ya yi bincike unguwa-unguwa, a 1889 ya bayyana cewa kusan kashi 35 cikin 100 na mutanen gabashin Landan cikin talauci suke.

A watan Agustan shekarar ne tura ta kai bango. Leburorin suka shiga yajin aiki ƙarƙashin Ben Tillett da John Burns da Tom Mann, suna neman sisi, wato kwabo shida, a awa, kuma duk wanda aka ɗauka kada aikinsa ya gaza awa huɗu. Yunwa ta kusa karya su, sai ga gudummawar kusan fam 30,000 daga Ostareliya. Kadinal Manning, babban limamin cocin Katolika, ya shiga tsakani, bayan kusan mako biyar aka amince da sisin. Ɗaukar lebura na wuni-wuni a tashoshin kuwa ba a soke shi ba sai a 1967.